Kwalliyar da za ta kai ki la'asar a Garwa

Akwai wata amarya da har yau ban manta da ita ba. Watan Afrilu ne, shekarar da na fara yi wa mutane kwalliya ana biya na. Na zaunar da ita tun hantsi, na yi mata duk abin da na gani a bidiyon waya: mai, hoda mai ruwa shafi biyu, konsila a ƙarƙashin ido, farar hoda a kai, ga gashin ido na kanti. A cikin ɗaki, gaban fanka, ta fito kamar ka sace ta ka gudu. Sai aka ɗauke wuta. Kafin a fito da ita wurin wuni bayan la'asar, gumi ya tsaga hanyoyi a kumatunta, hoda ta dunƙule a gefen hanci, gashin ido ɗaya ya ɗago. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai. Gwaggonta ce ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, wannan aikin na garin sanyi ne. Nan Garwa ce."

Maganar nan ita ta koya mini sana'a. Abin da muke kalla a TikTok da YouTube yawanci a ɗaki mai sanyi ake yin sa, don kyamara. Mu kuwa babur muke hawa, muna tsayuwa gaban murhu, muna alwala, a Garwa ta arewacin Kamaru, garin da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Saboda haka maganata da ke nake yi, 'yar'uwa mai zuwa kasuwa, makaranta, ofis ko gidan suna, wadda duk kayan kwalliyarki 'yar jaka ɗaya ta ɗauke su.

Da safe ki wanke fuska da sabulu mara kaifi. Sabulun sanda na wankin kaya ba na fuska ba ne, ko da kuwa shi ne a kusa. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fuska, amma yana busarwa, kada ki bar kumfarsa ta jima. Ki yi alwalarki kafin ki shafa komai. Sannan mai, kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, ki bi fuska da wuya. A nan mata da yawa ke yin gaggawa. Ki ba man minti biyar ya shiga fata, ki je ki ɗaura ɗankwali ko ki zuba wa yara kunu, ki dawo. Hodar da aka ɗora a kan ɗanyen mai ita ce ke zama kwaɓi kafin azahar. In kina da halin sayen man kare rana, ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama da haka. Baƙar fata ba ta saurin ƙuna, gaskiya ne, amma rana ce ke mayar da ɗan tabon ƙurji ya zama baƙin tambari na wata da watanni. Ki gwada kafin ki biya, don wasu suna barin fuska furu-furu kamar an barbaɗa toka.

Zaɓen launin hoda shi ne inda aka fi yin asarar kuɗi, musamman mai ruwa, wadda muke ce wa fondeten, 'yan Najeriya su ce fandeshan. A cikin shagon babbar kasuwa, ƙarƙashin ƙwan lantarki, kowace hoda daidai take. Kuma kusan kullum za a ce miki ki ɗauki mai ɗan haske, wai za ta fito da ke. Ba za ta fito da ke ba. Za a ga fuska fara, wuya da kunne baƙi, kamar an ɗora kan wata a jikin wata. Kada ki gwada a bayan hannu, launinsa daban da na fuska. Ki ja layi uku na launuka uku masu kusanci a muƙamuƙinki, daga kumatu zuwa wuya, ki fita waje da madubi ki tsaya a inuwa mai haske. Ki jira kamar kwatan awa, domin hoda mai ruwa kan ƙara duhu in ta sha iska ta haɗu da maiƙon fata. Wadda kika nema kika rasa, ita ce taki. Ki lura kuma da abin da ke ƙarƙashin launin. Mata biyu wankan tarwaɗa sai ki ga ɗaya fatarta ta karkata zuwa ja, ɗaya zuwa rawaya. Mai ja in ta shafa hoda mai rawaya sai ta yi kamar wadda ta tashi daga jinya.

A ranar da ba biki, ba sai kin rufe fuskar duka ba. Ki ɗiga a inda ke da tabo da ƙarƙashin ido, ki daddanna da yatsa, kada ki murza. In tabon ya yi baƙi sosai, akwai dabarar da ba ta cin ko sisi: ki taɓa jan baki ruwan goro da kan yatsa, ki ɗan danna a kan tabon, kaɗan ƙwarai, sannan ki ɗora hodar. Ruwan goron ke kashe duhun, ba yawan hoda ba. Daga nan busasshiyar hoda a goshi, hanci da haɓa. Kumatu ki bar su su yi ɗan sheƙinsu na rai.

Gira kuwa, roƙonki nake, ki ajiye reza. Garin neman gira a rasa ido ba karin magana ba ne kawai a wurina, na sha ganin matan da suka yi ta askewa da tsigewa har gashin ya daina fitowa sosai. Ki cire 'yan waɗanda suka fita layi, ki bar sauran. Jagira ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa wuluk dacewa da kusan kowa. Ki riƙa ja gajeru-gajeru kamar kina zana gashi ɗaya-ɗaya, farkon girar wajen hanci ya fi wutsiyar haske. Tsohon buroshin haƙori mai tsafta, a ɗan goga shi a jiƙaƙƙen sabulu, yana taje gira ta kwanta har yamma.

Sai kwalli, wanda na fi so a duk kayan ado. Kakata ba ta san fondeten ba. Tandun kwallinta na fata, katambiri don ɗige-ɗigen kumatu, fure da goro don haƙora su yi ja, shi ke nan, kuma in ta fito sai an kalle ta. Har yau in za a ce in zaɓi abu ɗaya in bar saura, kwalli zan ɗauka. Amma dole in faɗa miki abin da ita ba ta sani ba. Kwallin dutse mai walƙiya, wanda ake niƙawa, yawancinsa ma'adini ne mai ɗauke da dalma, kuma dalma guba ce da ke taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara illa. Na san da wuya a ce wa kaka kada ta rangaɗa wa jaririya kwalli ranar suna. Ni da bakina na faɗa wa surukata, cikin ladabi, na ce, "Inna, a bar mata idon haka, in ta girma ta saka da kanta." Ranta bai so ba, amma ta bari. Mai juna biyu ma ta haƙura da na dutse. Fensirin ido na kamfanin da aka sani, mai rubutun abin da ke ciki, ya wadatar.

Don kada ya zubo ya yi miki zobe, ki fara danna 'yar busasshiyar hoda a ƙarƙashin ido, ki zizara siriri a gindin gashin ido, ki ɗan bi da tsinken auduga ya laushi. Na rambaɗawa a bar wa dare. Kuma tsinken kwalli, fensiri da maskara ba a aronsu, ko tsakanin ya da ƙanwa. Ciwon idon nan da muke kira afolo, wanda ya samo sunansa tun 1969 da ya ɓarke a Gana daidai lokacin tafiyar kumbon Apollo 11, ta hannu da tawul da irin wannan aron yake zagaye gida. In ya kama ki, abin da kika yi amfani da shi a idon ki jefar. Maskara ko lafiya lau, bayan wata 3 da buɗewa ta gama aiki. In ta bushe kada ki ɗiga mata ruwa, balle yawu.

Leɓen yawancinmu kala biyu ne, na sama ya fi duhu. Ki zagaye bakin da jagira ruwan ƙasa, ki sa jan baki a tsakiya, ki haɗe leɓɓan, ki danna da tishu, ki sake sawa. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri daɗewa. Duk wannan da na lissafa, in hannu ya saba, bai kai minti goma ba.

Ga abin da bidiyo ba ya faɗa: azahar na zuwa. Abin da muka koya a islamiyya shi ne ruwan alwala sai ya taɓa fata. Don haka hoda da jan baki masu kamewa su hana ruwa shiga, da jan farce, ba na yinin aiki ba ne ga mai salla. Lalle ba shi da wannan matsala, tunda launi ne kawai ya bari. Wannan ma dalili ne na sassauta kwalliyar safe. Wadda ta yi kwalliya siririya, in ta yi alwala ta tsane fuska, minti biyu ya ishe ta maidowa da abu uku da ke jakarta: hoda, fensiri, jan baki.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fata ke roƙon mai. Iska ta bushe, ƙura ta rufe gari har gadar Binuwai ta dushe daga nesa. 'Yan'uwanmu na Marwa da Ngaundere sun fi mu jin sanyin safiya, amma bushewar ba ta bar kowa ba. Ki rage zafin ruwan wanka, ki shafa mai tun jiki da lema. Man kaɗanya ki narkar da shi a tafin hannu tukuna. Mai yawan ƙuraje ta tsaya a kumatu da leɓe, da dare. Busasshiyar hoda a rage ta ƙwarai, don tana shiga kowane ɗan layi na fuska ta ƙara wa mace shekaru. Busasshen jan baki mai kamewa ma a ajiye shi, leɓe zai tsage ya bi tsagar. Sau biyu a mako ki kwaɓa sukari da zuma ki goge leɓe a hankali, ki kwana da man kaɗanya ko basilin. Ki daina lasa, yawu ƙara busarwa yake. In za ki hau babur, kada ki sa man leɓe mai sheƙi a gida, duk ƙurar hanya a kansa za ta sauka. Ki ja mayafi ki rufe hanci da baki, in kin isa ki shafa. Launuka masu nauyi, ruwan hanta da ruwan makuba, lokacinsu ke nan, suna farfaɗo da fuskar da iska ta kwashe wa haske.

Bazara ita ce jarrabawa. Tun ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da mata ke fita fareti da zanen shekara, ake gane wadda ta iya. Kuma shekarun nan azumi da ƙaramar salla a bakin zafin suke faɗowa. A 2025 ƙarshen Maris aka yi ta, tana kuma matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Doka ta farko, duk abin da kike sawa a hunturu ki raba shi biyu. Mai mara nauyi, mai kama da ruwa. In akwai ƙanƙara, ki naɗe ta a tsumma mai tsafta ki daddanna a fuska minti ɗaya kafin ki fara, ba don tana hana gumi har yamma ba, sai don ki samu fata ta huce ki yi aikin a bushe. Kada ki yi kwalliya ki koma madafa. Ki gama girki, ki yi wanka, ki zauna ki huce, sannan.

Doka ta biyu ta fi muhimmanci: ba a ɗora hoda a kan gumi. Ina ganin mata a gidan biki, gumi na tsattsafowa, sai su buɗe kwano su ƙara laftawa, su kwaɓa laka da hannunsu. Ki ɓare tishu ki ɗauki falle ɗaya, ki kwantar a goshi ki danna, ki ɗaga. Haka a hanci da saman leɓe. Kada ki goge, gogewa ke kwashe komai. Sai wurin ya bushe, in ma akwai buƙata, ki ɗan taɓa hoda. Maficin kaba ƙarami a jaka ya fi kwanon hoda na biyu amfani. Jan baki da fensiri narkewa suke a jaka ko kusa da taga. Ni nawa a cikin kwano mai murfi nake sa su, in ajiye a gindin randa, can ne ya fi ko'ina sanyi a gidan in babu wuta. Ki sani kuma fuska na ƙara duhu a watannin nan, hodar da ta yi miki daidai a Janairu za ta yi haske a Afrilu. Mai hali ta sayi ƙaramar kwalba mai ɗan duhu ta riƙa gaurayawa. 'Yan ƙurajen da ke fesowa a layin ɗankwali kuwa, sau da yawa ɗankwalin ne da rigar matashi suka sha gumi da man kitso, wanki suke so.

Amaren bazara yanzu ba na taɓa su sai saura awa ɗaya da rabi a fito. Shafi ɗaya siriri, ido da gira a gyara su sosai tunda su ne ba sa narkewa da wuri, sannan in ba babbar ƙawa tishu da mafici in nuna mata yadda ake dannawa.

Damina ba ta da wuya sosai, sai dai lema. A markar Agusta soso da buroshi ba sa bushewa, har funfuna suke yi a cikin jaka. Ki wanke su da sabulu duk mako, ki shanya ranar da rana ta fito. Maskara ki bar ta in hadari ya haɗo. Gari ya yi kore, ƙura ta kwanta, nan ne jan baki mai haske, ruwan hoda ko ja sosai, ke yin kyau.

Ranar salla ko biki, ki zaɓi ɗaya, ko ido ko baki. In kin yi wa ido ruwan gwal da kwalli mai kauri, baki ya zama ruwan ƙasa mai laushi. In jan baki ne ja zur, ido kwalli kawai. Wajen daidaitawa da atamfa, kada ki bi launin da ya fi yawa a zanen, ki nemi ɗan ƙaramin da ke ɓoye cikin fure, shi za ki ɗauko. Lafaya mai launi ɗaya ta fi ba ki damar sakin hannu a ido, tunda fuskar ce kaɗai a fili. Farar hoda a ƙarƙashin ido kuma a kiyaye, ido ba ya ganinta amma filashin kyamara na tona ta, hoton salla ya fito da fararen tabo biyu.

Dilka da halawa wurin wata maƙwabciyata 'yar Injamena na koya, kuma mutanen Cadi a wannan fannin sai dai a sara musu. Ita ta ce mini halawa, wato sukari da lemun tsami da ruwa da ake dafawa har ya yi danƙo a cire gashi, ba a yin ta a fuska sai da saura kwana uku ko huɗu, don fata ta huce in ta yi ja ko ta feso. Kuma a makon biki ba a gwada sabon mai ko sabon sabulu. Lalle ma haka. Jan lalle na ganye ki ba shi awoyi a hannu, launinsa na ƙara nuna har kwana biyu, don haka a yi shi tun kafin jajibiri. Baƙin da ke kamawa cikin rabin awa kuwa, sau da yawa sinadarin rinin gashi ne a ciki, wanda ake kira PPD. Na ga hannun da ya yi bororo, zanen fulawar ya zama tabo. Ki ɗiga kaɗan a cikin dantse ki jira awa 48. Wadda ya taɓa yi wa ƙaiƙayi ko kumburi, ko sau ɗaya, ta rabu da shi har abada, da shi da baƙin rinin gashi.

Ba zan tsallake maganar bilicin ba, don fuskokin a hannuna suke zama. A watan Agustan 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigo da man shafawa masu sinadarai irin su haidirokwinon da makuri, da haɗa su da sayar da su. Makuri ƙoda yake taɓawa. Haidirokwinon in an daɗe ana shafawa, baƙin tabo yake bari a kan kumatu, wanda ya fi launin asali duhu. 'Yan tub ɗin da ake matsawa cikin mai kuwa, magungunan ciwon fata ne masu ƙarfi, suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Irin wannan fatar hoda ba ta zama a kanta, in na shafa sai ta yi ɓawo-ɓawo, mai ita kuma tana cewa da zafi. Wadda ta riga ta fara ta je wurin likitan fata ya nuna mata yadda za ta bari, don yankewa farat ɗaya na iya sa fuska ta rikice. Lemun tsami da ake gogawa a fuska don haske shi ma in ya haɗu da ranarmu ƙuna yake yi.

Da dare, ko kin dawo daga biki ƙafa na ciwo, a cire kwalliya kafin a kwanta. Sabulu shi kaɗai ba ya ɗauke kwalli da jan baki, sai an yi ta dirza. Ki ɗiga man zaitun ko narkakken man kaɗanya a auduga, ki kwantar a kan rufaffen ido ki ƙirga goma, ki ja ƙasa a hankali, kowane ido da audugarsa. Ki bi leɓe da sauran fuska, har bakin gashi da ƙarƙashin haɓa inda hoda ke maƙalewa. Sannan sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ki tsane da farin tawul, in ya fito da launi ki sake wankewa.